Ranar Da Muka Je Ganin Ruwa A Gashua

Mijina ba mai son fita yawo ba ne. Shekara goma sha huɗu muka yi tare a Nguru, kuma in ban da biki ko gaisuwar mutuwa, ban taɓa ganin ya tayar da mota don kawai a je a kalli wani abu ba. Lissafi yake koyarwa a sakandare, ni kuma ina firamare. Daga makaranta sai masallaci sai gida. In ya ga baƙin da ke zuwa daga nesa da kyamara suna ɗaukar hoton tsuntsayen fadama, dariya yake yi, ya ce sai wanda ya ƙoshi ne ke kallon dinya bai tuna tukunya ba.

Shi ya sa ranar da ya ce mu shirya, gobe Asabar za mu Gashua ganin ruwa, 'ya'yanmu mata biyu suka tsaya suna kallonsa kamar ba su gane Hausar ba. Babbar tana da shekara goma sha biyu a lokacin, ƙaramar bakwai. Ni kaɗai na san dalilin tafiyar. Kwana tara kafin nan likita ya zaunar da mu, ya juya takardun gwaji a gabansa, ya ce ƙodojin Malam duka biyu sun kusa daina aiki, ba da jimawa ba sai an fara yi masa wankin ƙoda. Malam bai gaya wa kowa ba, har mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, da ke zaune tare da mu a ɗakin kusa da zaure. Sau uku yana shiga wurinta da niyyar faɗa mata, sau uku suna ƙarewa a hirar tsadar gero. Ya ce mini a cikin gida ba zai iya ba. Iya haifaffiyar Gashua ce, iyayenta mutanen Bade ne, masunta, kuma ta yi shekaru ba ta taka garin ba. Yana ganin in ya zaunar da ita a bakin kogin da ta girma, maganar za ta fi sauƙin fita, ita ma za ta fi sauƙin ɗauka. Ban yi masa musu ba, ko da yake ban yarda zai iya tuƙin ba.

Da asuba na yi dambun shinkafa da zogale, na soya kaza ɗaya. Nasa na ware a ƙaramar kula, babu gishiri babu magi. Na cika jarka da ruwa saboda mu, shi kuma na zuba masa a 'yar roba guda, don likita ya ƙayyade masa abin da zai sha a yini. Ƙafafunsa sun kumbura har takalminsa na zuwa makaranta ya ƙi shiga, sai ya zura silifan alwala, ya saki wandonsa ya rufe idon sawu. Iya ta zauna a gaba kusa da shi, ni da yaran a baya. Motar tsohuwa ce, gilashin gefen da nake ba ya sauka.

Ƙarshen damina ne, kuma a shekarar an yi ruwa sosai. Muna fita daga gari muka miƙi hanyar gabas, sai ga ruwa a hannun dama, shimfiɗe har inda ido ya ƙare. A wasu wuraren ya zo daf da kwalta, iska na turo shi yana lasar gefen hanya. Goruba tsaye a cikinsa har ƙugu. Furen bado fari fat ya rufe wasu lunguna, balbelu sun jeru a kan busasshen reshe, can nesa kuma wani garken tsuntsayen kirinjijiya ya tashi ya karkata ya sake sauka. A hannun hagu kuwa tudun rairayi ne da gonakin gero an fara karya shi. Na yi shekaru ina bin hanyar nan a motar haya, a matse tsakanin mutane da buhuna, ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba sai ranar.

Ƙaramar ta leƙo tsakanin kujeru ta tambayi babanta ko wannan ne tekun da ke cikin littafinsu. Ya ce a'a, teku yana kudu, tafiyar kwana biyu, kuma ruwansa ba ya shayuwa, amma wannan ma ya ishe mu. Ta ce in ta girma za ta kai shi ya ga na gasken. Ya ce Allah ya nuna mana. Na juya fuskata wajen gilashi.

Iya ce ta fi kowa magana. Tana nuna kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye rabin fadama, tana cewa a ƙuruciyarsu babu ita, ruwa a buɗe yake, jirgi yana tashi daga wannan ƙauye ya sauka a wancan ba tare da an sare komai ba. Ta ce a wata shekarar yunwa da 'ya'yan bado suka rayu, ana shanya su a daka a yi tuwo, kuma har yau in ta ga furen sai ta ji ɗacin a harshenta. Malam yana amsa mata da to, to, idonsa a kan hanya. Daga inda nake ina hango wuyansa, zufa na gangarowa cikin rigar duk da iskar da ke shigowa.

Mun tsaya a wani wuri da hanya ta yi tudu, ruwa ya kewaye ta ta gefe biyu. Yaran suka cire takalma suka shiga har gwiwa, babbar tana riƙe da hannun ƙaramar. Wani masunci yana kwance a kan ƙatuwar gora yana tura ruwa da hannu, a hankali, kamar ba shi da inda za shi. Wasu shanu kuma suna ƙetarewa daga wani tsibiri, kawunansu da ƙahoni kaɗai ake gani. Malam ya jingina da mota ya ɗauki yaran hoto a waya, ya ce in shiga ni ma. Na ƙi. Ya ce don Allah. Na tsaya a bayansu da zanina a tattare, na yi abin da ya yi kama da murmushi. Shi bai shiga ko hoto ɗaya ba, kuma babu wanda ya tuna ya karɓi wayar ya ɗauke shi.

A Jajimaji ya sake tsayawa, ya ce zai duba taya. Bai je wajen tayar ba, sai ya zagaya bayan wata rumfar mai shayi da ba kowa a ciki. Na ɗauki buta na bi shi. Na same shi durƙushe yana amai, ba komai a cikin sai ruwa. Na zuba masa ya kuskure baki ya wanke fuska. Na ce mu juya gida, maganar nan ko a tsakar gida aka yi ta, ita ce dai. Ya girgiza kai.

"Mun ci rabin hanya. In na juya yau, ba zan ƙara iya kawo ta ba."

Da muka dawo, Iya tana ɓare goro da farce. Ta tambaya ko tayar lafiya. Ya ce lafiya lau.

Mun shiga Gashua ana kiran azahar. Muka ratsa gari muka gangara wajen gada, ya ajiye motar a ƙarƙashin wata tsamiya. Kogin ya cika ya batse, ruwan ja-ja, yana tafe da ƙarfi ɗauke da kainuwa da karare. Kwalekwale sun fi ashirin a ɗaure. Mata na banda kifi a ƙarƙashin rumfuna, hayaƙin ya kwanta a kan ruwa. Iya ta sauka tun kafin a buɗe mata ƙofa. Matar da a gida sai ta dafa bango take miƙewa, ga ta tana gangara gaɓa ba sanda. Ta nufi masu banda ta yi musu magana da Badanci, nan da nan suka kewaye ta, ana tambayar 'yar gidan wa ce. Wata tsohuwa ta san gidansu. Suka riƙe hannun juna suna lissafa mutane, kuma daga yadda suke girgiza kai na gane yawancin waɗanda ake ambata sun rasu.

Muka yi salla, na shimfiɗa tabarma na zuba abinci. Iya ta dawo da gasasshiyar tarwaɗa a takarda, an barbaɗe ta da yaji da gishiri, ta ajiye a gaban ɗanta. Duk gidanmu an san ba abin da yake so kamar ta. Ya gutsuri kaɗan daga wajen wutsiya ya kai baki, ya daɗe yana taunawa, sannan ya tura wa yaran sauran, ya ce cikinsa a cike yake. Iya ta kalle shi. Ta dubi 'yar kular da na ajiye masa daban, ta dubi robar ruwansa, ta ci gaba da cin dambunta.

Da yaran suka tashi wanke hannu, na ga ya gyara zama. Ya tattara ƙafafunsa, ya share murya. Na yi niyyar tashi in ba su wuri, ya yi mini alama in zauna.

"Iya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina jin ka."

Ya dubi kogin, ya dubi hannunsa. Wata babbar mota ta hau gada ta sauka. Sannan ya ce kwanon ɗakinta ne, ya ga yana yoyo ta kusurwa, ya kamata a canja shi kafin wata damina. Iya ta ce ai yoyon ba shi da yawa, tana tara kwano a wurin. Ya ce duk da haka. Ya miƙe da ƙyar, ya ce bari ya kai yaran su hau kwalekwale, tun safe suke roƙo.

Muka zauna ni da Iya muna kallonsu. Mai jirgin ya riƙe masa hannu ya shiga, yaran suka zauna a tsakiya suna ƙanƙame da juna. Sai da jirgin ya yi nisa, muryoyinsu suka daina isowa, Iya ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Tun yaushe ƙafafun suka fara?"

Na ce wata biyu ke nan. Ban san lokacin da amsar ta fita ba.

"Ƙoda ce ko?"

Na ce ita ce. Daga nan na kasa riƙe kaina, na sa mayafi na toshe baki. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce tun a gida take zargi, yau kuma da ta zauna a gaba tana kallon ƙafarsa a kan birki ta tabbatar. Ta ce mutanen bakin kogin nan sun san ciwon kamar yadda suka san zazzaɓi. Shi ya ɗauki wanta, shi ya ɗauki maƙwabcinsu, yanzun nan ma tsohuwar can ta lissafa mata wasu. Da kumburin fuska ake farawa da safe, sai ƙafa, sai mutum ya ƙi abinci. Ta faɗi haka ne a hankali, kamar mai ba da labarin yadda ake gyara kifi. Ta tambaye ni abin da likita ya ce, na gaya mata duka. Ta ce a zamanin wanta babu wankin, to ko ba komai shi ya samu abin da wancan bai samu ba.

Ta ce kada in gaya masa ta sani. Ya ɗauko ta tun daga Nguru don ya faɗa da bakinsa, in aka riga shi, zai ga kamar ko wannan ma ya kasa. Daga nan ta tashi ta gangara bakin ruwa, ta tsuguna ta daɗe tana wanke fuska. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙin banda ne.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Yaran suna ta ba da labarin jirgi, wai ƙaramar ta taɓa ruwa da hannu, wai sun ga wani tsuntsu ya cafke kifi. Ba mu yi nisa da gari sosai ba na ji motar tana zamewa gefe, tayoyin dama suka sauka daga kwalta suka hau tsakuwa. Ya dawo da ita, ta sake zamewa. Sai ya taka birki ya kashe, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ya ce jiri yake ji, hanyar ta zama biyu a idonsa, a ba shi minti biyar. Muka ba shi goma, muka ba shi ashirin. Na jiƙa gefen mayafina na goga masa a wuya. Na gwada kiran wani abokin aikinsa, wayar ta ƙi shiga. Motocin haya biyu suka wuce a cike maƙil, har da mutane a but.

Na ɗan iya mota, amma iyawar ba ta wuce filin ƙwallon makarantarsu ba, inda ya koya mini a wani dogon hutu. Ban taɓa hawa babbar hanya ba, ban taɓa wuce giya ta uku ba. Ina tsaye ina duban gabas da yamma, Iya ta buɗe ƙofa ta fito.

"Ke za ki ja mu. Shiga."

Malam ya ɗago zai yi magana, ta ce masa ya koma baya. Muka kama shi muka zaunar da shi a baya, Iya a gefensa, ƙaramar a ɗaya gefen, babbar ta dawo gaba kusa da ni. Sau biyu motar tana mutuwa kafin ta tashi. Na yi bisimilla na hau kwalta.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Rana ta sauko daidai fuskata, ruwan da ke hagu yanzu yana mayar da haskenta cikin idona, har sai na runtse ido ɗaya. Abin da na yi ta sha'awa da safe ya koma abin tsoro, domin duk inda hanya ta matse ina ganin in hannuna ya goce, cikinsa za mu faɗa. Manyan motoci na zuwa bayana su danna hon, in rage gudu in manne a gefe har su wuce, motarmu na girgiza. Babbar ce ke gaya mini ga rami, ga akuya, ga mai babur. Muryarta ba ta rawa, ni kuwa tafin hannuna ya jiƙe har sitiyarin na zamewa. A wani shingen jami'an tsaro motar ta mutu mini a gabansu. Ɗaya ya leƙo, ya ga mutum kwance da kai a cinyar tsohuwa, ya tambaya ko mara lafiya ne. Na ce e. Ya kauda itacen da suka gitta a hanya da kansa, ya ce in bi a hankali, Allah ya ba shi lafiya.

Bayan mun wuce Jajimaji ne na ji Malam ya fara magana. Ƙaramar ta yi barci. Da Badanci yake yi, harshen da ban taɓa jin ya yi doguwar magana da shi ba, in ban da gaisuwa. Ni ba na ji. Kalma biyu kawai na tsinta, asibiti da likita, don su da Hausa suka fito. Ya daɗe yana yi, yana tsayawa yana jan numfashi. Iya ta amsa masa a gajarce, ya sake cewa wani abu, ta sake amsawa. Na saci kallo a madubi sau ɗaya, na ga ta cire masa hula tana shafa kansa. Ban sake dubawa ba, don hanya ba ta bar ni ba.

Muna shiga Nguru ana kiran magariba. Na sa sigina zan karya kwanar unguwarmu, Iya ta ce kada in bi gida, in wuce asibiti. A ranar aka kwantar da shi. Kwana biyu bayan haka aka yi masa wankin farko.

Wata bakwai ya yi. Sau biyu a mako nake kai shi, ni ke tuƙi, har na saba na daina jin tsoron manyan motoci. Akwai makonnin da ya ji sauƙi har ya koma aji, yana koyarwa a zaune. Akwai waɗanda ko ƙofar ɗaki ba ya iya kaiwa. Iya ta karɓi dafa abincinsa da kanta, ta hana kowa taɓa tukunyar. Ya rasu cikin bazara, ranar wata Talata da hantsi, ana tsananin zafi. Iya ta zauna da mu shekara uku bayansa. 'Yan'uwanta na Gashua sun aiko a mayar da ita can, ta ce ba inda za ta. Ban taɓa tambayarta abin da suka faɗa a motar ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba har ta bi shi.

Bara ne, ina taya babbar shirya akwati za ta tafi makarantar koyon aikin jinya, muna ninke kaya a kan gado, ta ce mini ita fa ta ji duk abin da Baba ya faɗa a ranar. Na manta cewa tun da aka yaye ta a ɗakin Iya take kwana, kuma da Badanci tsohuwar ke yi mata tatsuniya da faɗa. Ba ta iya mayarwa, amma tana ji. Ta ce ya gaya wa Iya ciwon da abin da likita ya ce, ya roƙe ta gafara, ya ce ta riƙe mu. A ƙarshe ya ce mata tsoro yake ji. Iya ta ce masa ita ma tana ji, amma ya kwanta, tana nan.

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini tuntuni. Ta ce a lokacin ta ga ina fama da hanya, in ta yi kuka babu mai nuna mini ramuka. Daga baya kuma ta ga kowa a gidan yana ɓoye wa wani abin da ya sani, sai ta ɗauka haka ake yi. Na zauna a bakin gado da zaninta a hannuna, ita kuma ta ci gaba da jera littattafai a ƙasan akwatin. Can ta ce in miƙo mata zanin, akwai sauran wuri a gefe. Na miƙa mata, muka danne murfin tare muka ja zif.